Ɓeran da Ya Ci da Yawa Bai Yi Ƙiba Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Amino Asid a Abinci

Sama da shekara 30 ke nan masana a Amurka da Ostareliya da Jamus suna wani gwaji mai ban mamaki. Ba sa hana ɓera abinci, ba sa rage masa kwano. Sinadari ɗaya tak suke ragewa a cikin furotin ɗin da yake ci, su koma gefe su zuba ido. Ga tambayoyin da aka fi yi kan abin da suka gani.

Tukuna, mene ne amino asid?

Ɗauki carbi. Furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake da nono, kamar carbi yake, amino asid kuwa su ne 'ya'yan carbin. Iri 20 ne. Idan abinci ya shiga ciki, hanji ya tsinke carbin, 'ya'yan su bi jini, jiki ya sake jera su yadda yake so: wani ya zama tsoka, wani gashi, wani insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini.

Daga cikin 20 ɗin, jiki na iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 dole sai daga abinci: histidin, isolusin, lusin, laisin, metiyonin, fenilalanin, tireyonin, tiriptofan da balin. William Rose na Jami'ar Illinois ne ya gano na ƙarshe da aka sani a cikinsu, tireyonin, a 1935, kuma da ɓeraye ya yi aikin. A kan waɗannan 9 ɗin kusan duk binciken yake tafiya, domin su ne mai bincike yake da iko a kansu. Abin da ya zuba a kwano, shi kaɗai ɓera zai samu.

Ta yaya ake rage sinadari ɗaya a abinci ba a taɓa sauran ba?

Da nama ko hatsi ba zai yiwu ba. Shi ya sa abincin waɗannan ɓeraye haɗi ne daga tushe. Kamfani ne ke auna sitaci da sukari da mai da bitamin da gishirin jiki, sai a maimakon furotin a zuba hodar amino asid ɗaya bayan ɗaya, kowane da awonsa, a cakuɗa, a matse su zama 'yan dunƙule kamar abincin kaji. Sau da yawa har kala ake sa wa kowane haɗi, don kada mai kula da keji ya rikice.

A gwaje-gwajen Jami'ar Wisconsin ta Amurka, abincin da ake kwatantawa da shi yana samun kashi 21 cikin 100 na kalorinsa, wato makamashin da yake ba jiki, daga amino asid. Wanda aka rage wa duka yana samun kashi 7. Idan guda ɗaya ake son gwadawa, sai a rage shi da kashi biyu bisa uku, a cike gurbin da amino asid ɗin da jiki ke iya haɗawa, don kalori da yawan furotin su zo daidai da na wancan. Wannan cike gurbin shi ne ƙashin bayan gwajin. In babu shi, kowa zai iya cewa yunwa ce kawai ta ramar da ɓeran.

Wa ya fara?

Tun 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa manyan ɓerayen ɗakin gwaji, wato jinsin masu girman jiki, da aka rage wa abinci sun fi waɗanda ke ci su ƙoshi tsawon rai. Shekara da shekaru kowa ya ɗauka kalori ne sirrin.

Sai a 1993 wani likitan fata na birnin New York, Norman Orentreich, da abokan aikinsa suka rage metiyonin kaɗai a abincin manyan ɓeraye, daga kashi 0.86 cikin 100 zuwa 0.17. Ɓerayen suka ƙara kusan kashi 30 cikin 100 a kan kwanakinsu, alhali ba a hana su ci ba. A 2005 Richard Miller na Jami'ar Michigan ya maimaita da jinsin ɓeraye masu ƙaramin jiki: suka daɗe, sukari da insulin na jininsu suka sauka, yanar ido ma ta yi jinkirin kama su.

Babban gwajin da ya juya tunanin mutane ya fito daga Jami'ar Sydney a 2014. Samantha Solon-Biet da Stephen Simpson da tawagarsu suka raba ɓeraye 858 a kan abinci iri 25, kowane da nasa rabon furotin da sitaci da mai. Waɗanda suka fi daɗewa su ne masu ƙarancin furotin da yawan sitaci. Waɗanda aka rage wa kalori ta hanyar cika abincinsu da dusar da ba ta narkewa kuwa ba su samu ƙarin kwana ba.

Yaya ake gane lafiyar ɓera ta gyaru? Ai ba ya magana.

Jininsa ne ke magana. Da yamma a kwashe abincin keji, ɓera ya kwana da yunwa. Da safe a ɗan yanki ƙarshen wutsiyarsa, a matso ɗigon jini a kan na'urar auna suga, irin wadda masu ciwon suga ke amfani da ita a gida. Sai a yi masa allurar ruwan sukari a ciki, gwargwadon nauyinsa, a sake aunawa bayan minti 15, da 30, da 60, da 120. Mai lafiya sukarinsa zai haura ya sauko da wuri. Mai teɓa nasa zai haura ya maƙale a sama, awa biyu ta wuce bai dawo ba.

Akwai kuma na'urar da ake zura ɓera ciki da ransa ta faɗi nawa ne kitse nawa ne tsoka, da wani keji rufaffe mai auna iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar, daga nan a lissafa makamashin da yake ƙonawa. Na tsofaffi har maki ake ba su: furfura, doro, ƙarfin riƙo, ji da gani.

Da gaske ne suna ƙara cin abinci amma suna ramewa?

Da gaske ne, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Ɓeran da aka rage wa furotin yakan ci fiye da ɗan'uwansa, kamar yana neman cike abin da ya rasa. Amma jikinsa na ƙona fiye da abin da ya ƙaru.

Hanta ce ke fara lura. A cikin ƙwayoyinta akwai masu gadi, ɗaya daga cikinsu ana ce masa GCN2, da ke farkawa idan wani amino asid ya yi ƙaranci. Daga nan hanta ta saki wani sinadarin saƙo mai suna FGF21 cikin jini. Christopher Morrison da tawagarsa a cibiyar Pennington da ke jihar Louisiana ne suka nuna a 2014 cewa ƙarancin furotin ne ke tayar da shi, ba ƙarancin kalori ba. Saƙon ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika wa kitse ta jijiyoyi. Wani ɓangare na farin kitsen da ke ƙarƙashin fata sai ya rikiɗe ya yi launin ƙasa-ƙasa, ya fara ƙona mai yana fitar da zafi kawai. Kamar murhun da aka bari yana ci babu tukunya a kai: itace na ƙarewa, ba a dafa komai ba.

Da aka samar da ɓerayen da ba su da ƙwayar gadon FGF21, aka ba su abinci mai ƙarancin furotin, babu ƙarin ci, babu ƙarin ƙonawa. A 2022 wannan cibiya ta ƙara nuna cewa irin waɗannan ɓeraye ba su samu ƙarin kwana ba, hasali ma sun riga 'yan'uwansu tsufa da mutuwa.

Akwai hanya ta biyu, mTORC1, wadda ke umartar ƙwayar halitta ta girma idan amino asid sun wadata. Idan ta lafa, ƙwayar takan koma share tarkacen cikinta. Maganin rapamaisin da ke danne wannan hanya ya ƙara wa ɓeraye kwana a wani gwaji na 2009, duk da sai da suka kai kwana 600 aka fara ba su.

Cikin guda 9 ɗin, wanne ne mai laifi?

Zargi ya daɗe a kan uku: lusin, isolusin da balin, waɗanda ake kira masu reshe saboda siffar ƙirarsu. Tun 1969 Philip Felig ya lura sun fi yawa a jinin masu ƙiba. A 2009 Christopher Newgard na Jami'ar Duke ya sake ganin haka da na'urorin zamani. A 2011 kuma, daga binciken garin Framingham na Amurka, aka bi mutum 2,422 masu lafiyayyen sukari tsawon shekara 12. Su 201 suka kamu da ciwon suga, kuma yawan waɗannan uku tare da wasu biyu a jini ya nuna su tun kafin cutar ta bayyana.

To amma ganin mutum a wurin gobara ba ya nufin shi ya kunna. Wataƙila cutar ce ke sa su taruwa a jini. Don raba gardama aka koma wa ɓera.

Ɗakin gwajin Dudley Lamming a Wisconsin ya rage ukun da kashi biyu bisa uku a 2016, ɓeraye suka rage kitse, suka fi iya sarrafa sukari. A 2018 suka fara kumbura ɓeraye da abinci mai maiƙo da zaƙi har suka yi teɓa, sannan suka bar musu maiƙon da zaƙin, suka rage ukun kawai. Cikin 'yan makonni teɓar ta zube.

Sai a 2021 suka raba ukun ɗaya-ɗaya, kuma sakamakon ya saɓa wa abin da aka zata. Kowa ya sa ido kan lusin, tunda shi ne ya fi tayar da mTORC1. Rage shi bai amfana komai ba. Rage balin ya ɗan taimaka. Isolusin ne ya ɗauki kaya: hanta ta fi jin insulin, FGF21 ya tashi, kitse ya ƙone. Da aka ɗauki abinci mai ƙarancin furotin aka mayar masa da isolusin shi kaɗai, yawancin amfanin ya gushe.

Ba kowa ya tsaya a nan ba. Adam Rose na Jami'ar Monash a Ostareliya ya ruwaito a 2020 cewa rage tireyonin ko tiriptofan ya isa ya kwaikwayi tasirin ƙarancin furotin. Wisconsin ɗin ma ta samu irin wannan da histidin a mazan ɓeraye. Ga kuma metiyonin da ya riga kowa. A ganina, neman mai laifi guda ɓata lokaci ne. Jiki yana da hanci da yawa na shinshino ƙarancin furotin, kuma ƙofofi da dama ke kaiwa ɗaki ɗaya. Abin da ya tabbata shi ne kalori biyu masu awo ɗaya ba lallai su yi aiki ɗaya a jiki ba.

Maganar ƙarin kwana fa?

Gwajin da aka fi ambato shi ne na Cara Green da Lamming a 2023. Sun yi amfani da ɓeraye masu kakanni huɗu daga zuri'a huɗu daban-daban, don kada a ce halin gida ɗaya ne. Aka fara da su suna wata 6, wato sun riga sun girma. Masu ƙarancin isolusin suka fi cin abinci, suka zauna ba teɓa, sukarinsu ya daidaita, mazan suka samu sauƙin kumburin furosteti, wato tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, irin na tsufa. Kwanakin maza suka ƙaru da kashi 33 cikin 100, na mata da kashi 7.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: rukunin da aka rage wa duka amino asid sun fara ramewa, daga baya suka mayar da jiki, kuma ba su samu wannan ƙarin kwana ba.

Me ya sa tazarar maza da mata ta yi yawa haka?

Abin ya sha maimaituwa. A 2021, rage masu reshe ukun tun daga yaye ya ƙara wa maza kusan kashi 30 cikin 100, mata ba su samu komai ba. A 2022 aka gwada ƙarancin furotin a zuri'a uku, maza da mata, aka ga amsar ta bambanta daga zuri'a zuwa zuri'a, daga jinsi zuwa jinsi. Shekaru da yawa ɗakunan gwaji sun fi amfani da mazan wata zuri'ar baƙin ɓera mai suna C57BL/6, sai a rubuta sakamako kamar na kowane ɓera ne. Duk wanda ya ga kanun labari cewa rage abu kaza na ƙara kwana, ya tambaya: na maza ko na mata?

Babu illa?

Akwai. Ɓeran da aka fara wa tun yana ƙarami ba ya kai girman sa'o'insa. Masu ƙarancin metiyonin ƙasusuwansu sun fi ƙanana da sirantaka. Tsoka ma takan ragu tare da kitse.

Kuma tagar ƙunci gare ta. A metiyonin, amfanin yana tsakanin kashi 0.17 zuwa 0.25 cikin 100 na abinci. A haura haka, babu abin da za a gani. A yi ƙasa sosai, dabba ta fara lalacewa. In aka cire amino asid na dole gaba ɗaya, ɓera kan gane cikin rabin awa ya juya wa kwanon baya. Haka kuma rage metiyonin ba ya aiki sai an cire ɗan'uwansa sistayin, tunda jiki daga metiyonin yake haɗa shi. Da aka mayar da sistayin cikin abincin manyan ɓeraye, kitsen ya dawo.

An ce akwai ɓerayen da suka zubar da kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsu a mako guda?

Haka ne, a wani bincike na Jami'ar New York da ya fito a 2025. Amma ɓerayen an riga an cire musu ƙwayar gadon da ke haɗa sistayin, sannan aka hana su shi a abinci. Ni da kai jikinmu na haɗa abinsa.

An gwada a mutane?

An gwada, a mutane kaɗan, na gajeren lokaci. A 2011 a Pennington aka sa mutum 26 masu ƙiba da matsalar sukari da kitsen jini a gwajin mako 16. Waɗanda aka rage wa metiyonin sun fi ƙona kitse, kitsen hantarsu ya ragu. Sai dai abin da suka riƙa sha wani haɗin asibiti ne da aka yi don masu cutar gado, kuma ɗanɗanonsa ya gallabi mutane. A 2016 Luigi Fontana ya ba wasu maza abinci mai furotin kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na kimanin mako 6, nauyinsu da sukarinsu suka sauka. A Dusseldorf ta Jamus, a 2019, mutum 12 masu ciwon suga suka rage masu reshe ukun, FGF21 ɗinsu ya tashi kamar na ɓera.

Akwai kuma ƙididdigar da Valter Longo da Morgan Levine suka fitar a 2014 kan Amurkawa 6,381. 'Yan shekara 50 zuwa 65 masu yawan cin furotin sun fi mutuwa, musamman da ciwon daji. Sama da 65 kuwa abin ya juye: masu cin furotin sosai su suka fi tsira. Tsoho da ke asarar tsoka buƙatarsa daban ce.

Ga kuma wani bambanci da ba a cika faɗa ba. Ɗakunan ɓeraye ana riƙe su a ma'aunin zafi 20 zuwa 22, alhali ɓera sai wajen 30 yake daina jin sanyi. Kullum murhunsa a kunne yake, kuma kitsen da ke samar da zafi ya fi tasiri a jikin halitta mai nauyin giram 30 fiye da a jikin mutum mai kilo 70 sanye da riga.

'Yan ɗaga ƙarfe da ke shan garin furotin fa?

Lamming ya tambayi kansa wannan, tunda 'yan wasa na cin furotin da yawa kuma lafiyarsu lau. Sai a 2023 ɗalibansa suka ɗaura wa ɓeraye wata 'yar amalanke a wutsiya, suna ja a kan hanya sau uku a mako, wata uku, ana ƙara musu kaya sannu a hankali. Wasu an bar su da amalanke wayam. Masu furotin kashi 36 cikin 100 da ke jan wayam suka tara kitse. Masu jan kaya suka mayar da shi tsoka. Amma a sarrafa sukari, masu furotin kashi 7 ne a gaba.

Garin da ake sayarwa na masu reshe ukun zalla kuwa, gwajin Sydney na 2019 bai yi masa daɗi ba. Ɓerayen da aka ninka wa su sun zama masu haɗama, suka yi teɓa, kwanansu ya ragu. Dalili shi ne suna yi wa tiriptofan cunkoso a ƙofar shiga ƙwaƙwalwa, shi kuwa daga gare shi ake yin sinadarin serotonin mai taimakawa wajen jin ƙoshi.

To mai tuwo da miyar kuka, wannan labari ya shafe shi?

Ta fuskar da ba a zata ba. Ɓerayen nan an rage musu ne daga yalwa: bitamin cikakke, kalori a wadace, babu zazzaɓi, babu tsutsar ciki, babu aikin gona. Matsalar yara da yawa a ƙasar Hausa akasin haka ce. Masara ba ta da isasshen laisin da tiriptofan, gero da dawa ma laisin ɗinsu kaɗan ne. Yaron da aka yaye a kan koko zalla yana cikin nasa gwajin rage amino asid ɗin, ba da son kowa ba, kuma abin da ke biyo baya tsumburewa ce da tamowa.

Likita Cicely Williams ta bayyana irin wannan a Accra ta ƙasar Ghana a 1933, a yaran da ake ciyarwa da kunun masara, ta kuma ɗauko sunan cutar, kwashiyoko, daga bakin 'yan ƙabilar Ga na yankin: ciwon da yaro ke yi idan ƙaninsa ya ture shi daga nono. Saboda wannan giɓi ne aka fitar da irin masara mai ƙarin laisin da tiriptofan, Obatanpa, a Ghana a 1992, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da sunan SAMMAZ 14.

Wake kuwa yana da laisin sosai amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne, hatsi kuma akasin haka. Shi ya sa ƙosai da koko, ko shinkafa da wake, ko ɗanwake, suke cike wa juna. Yaro mai girma, da mai ciki, da mai shayarwa, da tsoho, da mai jinya, babu ɗayansu da wannan bincike ya ce ya rage ƙwai ko nono. Wanda ya fi kama da ɓeran Wisconsin shi ne magidancin birni mai shekara 45, daga mota sai ofis, tumbi ya fito, likita ya fara maganar suga, kuma kowane dare sai ya biya wurin mai tsire.

Shi wannan magidancin, akwai abincin da zai saya marar isolusin?

Babu a kasuwa. Isolusin na cikin kowane furotin, na dabba da na tsiro, ƙwai da kaza da kifi da cuku da waken soya duk suna da shi sosai. Haɗin da babu shi a asibiti kawai ake samu, don jariran da aka haifa da cutar gadon da ke hana jiki sarrafa masu reshe ukun, wadda ke sa fitsarinsu ƙamshin zaƙi, kuma da awon jini a kai a kai ake ba su. Abin da ke hannun mutum shi ne yawan furotin ɗin gaba ɗaya. Ma'aunin da hukumomin lafiya suka tsayar wa baligi mai lafiya shi ne kimanin giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan giram 56 ya ishe shi, kuma giram 100 na gasasshen nama kaɗai ya kusa cinye rabin wannan.